Iddar Magajiyar Rafin Gawo

Shekara ashirin da biyu ke nan muna maƙwabtaka da Hajiya Ɗaso a Kudai, ƙofa na kallon ƙofa, a hawa na uku na wani tsohon gini da ke bayan tashar bas. Ni sunana Nasiha, a nan Makka aka haife ni, kakannina ne suka zo daga Kano a ƙafa. Ita kuwa Ɗaso daga Nijar ta zo da girmanta, kuma ba ta taɓa mallakar iƙama, wato takardar izinin zama, ba. Sana'arta abinci. Tuwon shinkafa da miyar kuka kullum, dambu ranar Juma'a, direbobi da masu shara su hawo bene su saya. In Hajji ya zo mu tafi Arfa tare, mu yi wa wani ɗan kwangila girki a bayan tantuna har fatar hannu ta saɓule. Wanda ya gan ta a bakin tukunya zai ɗauka tsohuwa ce kamar sauran tsofaffin da suka zo suka ƙi komawa.

Ni dai tun makon farko na ga akwai wani abu. Matar nan ba ta gudu. Ko an ce ga masu kame sun shigo layi, mata su watse da tire da kujeru, ita sai ta gyara mayafi ta taka a hankali kamar mai zuwa gidan suna. Ba ta cin abinci a tsaye, ba ta ci a gaban baƙo. In ranta ya ɓaci sai ta ƙara yin ƙasa da murya, har sai ka matso kafin ka ji faɗan da ake yi maka. Ni da Allah ya yi ni da baki, wannan hali ya riƙa ba ni haushi. Wata rana muna kan kwashe tuwo, ta ce in miƙo mata mara, sai na rusuna don tsokana na ce, "Ga shi, ranki ya daɗe." Ta tsaya cak, ta dube ni, ta tambaye ni wa ya gaya mini. Ashe na taka gaskiya ban sani ba.

Sai da muka shekara uku kafin ta ba ni labarin, shi ma gutsure-gutsure, muna tsintar shinkafa.

Ubanta shi ne Sarkin Rafin Gawo, wata ƙaramar masarauta wadda in ka faɗi sunanta ko alhazan Nijar sai sun yi tunani kafin su gane. Ita ce babbar 'yarsa mace. An yi mata auren fari da wani ɗan baffanta, ya rasu bayan shekara biyu, ta dawo fada wajen gwaggonta mai riƙe da sarautar Magajiya. Da uban ya rasu yayanta ya hau gado, da gwaggon ta rasu kuma yayan ya naɗa Ɗaso, tana da shekara ashirin da huɗu. Magajiya ita ce shugabar matan gari. Rigimar mata a gabanta ake kashe ta, makullin rumbunan fada a hannunta yake, tana da zaurenta, da alkyabba, da munduwar azurfa, da sanda. Amma babban aikinta shi ne wankan sarauta. A garinsu ba a naɗa sarki sai Magajiya ta zaunar da shi a kan kifaffen turmi, ta sa masa lalle kamar ango, ta zuba masa ruwa tana kiran sunayen sarakunan da suka gabace shi, kowa da sunan uwarsa, a jere, ba tsallake. Ba a rubuta sunayen. Daga bakin Magajiya ne zuwa kunnen wadda za ta gaje ta.

Duk Talata ake cin kasuwar garin, kuma duk Talata mahauta sukan kai wa fada rabonta, ƙirji da tozo. Magajiya ke karɓa. Mai kawowa shi ne Usaini, ɗan Sarkin Fawa, wanda yakan tuɓe takalmi tun daga waje ya durƙusa a bakin zaurenta, kai a ƙasa. Ta ce mini wata Talata ta duba naman ta ce wannan ai tsohuwar saniya ce. Kowa in ta yi magana haƙuri yake bayarwa. Shi kuwa, bai ɗaga kai ba, ya ce gaskiya ne saniyar ta girme shi, amma ita ma tsohuwar in an bi ta da wuta kaɗan-kaɗan za ta ba da kai. Ta ce dariya ta kufce mata a gaban jakadiyoyi. Daga nan fa sai ta kama kanta tana ƙirga kwanakin da suka rage Talata ta zo.

A ƙasarsu mahauci 'yar mahauci yake aure, kowa ya san haka, har mahautan. Da maganarsu ta fito fili, sau uku yayanta yana kiranta, na farko da lallashi, na biyu da faɗa, na uku bai ce komai ba sai kallonta da ya yi. Amma ita bazawara ce, maganarta na da nauyi, ta tafi ƙauyen kawunta aka ɗaura aure a can. Washegari aka aiko tsofaffin mata uku su karɓi alkyabba da munduwa da sanda. Ita da kanta ta ninke alkyabbar ta miƙa. Kafin mako ya zagayo aka naɗa wata 'yar baffanta mai suna Rabi, aka kuma yi shela a kasuwa cewa kada a ƙara kiran Ɗaso da sarauta. Abin da ya fi ba ni mamaki, sai da ta zauna kwana uku tana koya wa Rabi sunayen nan goma sha tara har ta haddace. Na ce da ni ce da ko ɗaya ba zan faɗa ba, su je su nemo a rijiya. Ta ce sunayen ba nata ba ne, ajiya aka ba ta.

Zaman garin bai yiwu ba. Mutane suka rasa da me za su kira ta, don rabonsu da faɗin sunanta tun ranar naɗi, sai su gaishe ta ba suna su wuce da sauri. Naman Usaini ya riƙa kwana a kan tebur saboda tsoron fada. Suka kama hanyar gabas, ta Chadi da Sudan, shi yana fawa a kasuwannin hanya, ita tana tuya ƙosai, mace da ba ta taɓa hura wuta da kanta ba. Shekara biyu suka yi kafin jirgin ruwa ya sauke su a gaɓar Jidda. Shekara arba'in da ɗaya ke nan suna Makka.

Usaini ya yi fawa a shagon wani Balarabe, lokacin Hajji kuma ya yi yankan hadaya, raguna ɗari-ɗari a rana. Yanzu ciwon suga ya ci masa yatsun ƙafa biyu, ido ma ya yi rauni, sai ya zauna a bakin bene yana wasa wa maƙwabta wuƙaƙe. Ita tana ce masa Abu Tahani, da sunan 'yarsu guda da ta rayu, wadda ke aure a unguwar Rusaifa, Hausarta duk a karye. Shi kuwa Hajiya yake ce mata, kuma har gobe in zai shiga ɗakinta sai ya tuɓe takalmi ya yi gyaran murya. Ammi nake ce masa, wato baffa da Larabci, nakan ce, Ammi Usaini, kai fa kake biyan hayar ɗakin nan, shiga kawai. Sai ya yi murmushi ya ce ya saba.

Ban taɓa jin Ɗaso ta ce ta yi nadama ba. Amma duk hirar da aka ɗauko, ko ta tsadar albasa ce, a Rafin Gawo take ƙarewa. In aka yi ruwan sama a Makka, wanda ba kullum ba, takan tsaya a taga ta shaƙa, ta girgiza kai ta ce ba irin ƙamshin ba ne. Ni da ban taɓa zuwa Afirka ba, na san tsamiyar da ke tsakar fada, na san rijiyar da ake ce wa ta Mata, na san wace ƙofa ce take ƙara in an tura ta. In alhazan Nijar suka zo sayen tuwo takan ƙara musu nama ta yi ta tambayarsu, ba ta faɗin ko ita wace ce. Sau biyu yayanta sarki ya zo aikin Hajji, bai neme ta ba. A zuwansa na biyu ta hango shi a Arfa, yana tafe ana riƙe masa laima, ya tsufa, ya ranƙwafa. Ina gefenta a ranar. Ta bi shi da ido, ludayi a hannu, har ya ɓace cikin fararen kaya, sa'an nan ta ce in duba shinkafa kada ta kama.

Bara, bayan Mauludi, yayan nata ya rasu. Rabi ta riga shi da shekara biyu, ta faɗi ne kwatsam, kuma yarinyar da take koya wa sunaye goma sha ɗaya kawai ta riƙe. Masu zaɓen sarki suka zaɓi ɗan marigayin, Munzali, wanda aka haifa bayan Ɗaso ta bar gari, aka tsayar da ranar wanka, sai aka duba aka ga babu mai yi. Shi ne aka turo Galadiman garin, Alhaji Mahadi, ya zo Umra ya yi ta cigiya wajen direbobi har aka nuno masa gininmu. Ya hawo benen nan da babbar riga yana haki. A bakin ƙofarta ya tuɓe takalmi, ya zube, ya ce, "Magajiya, ranki shi daɗe." Ina tsaye da tire a hannu.

Saƙonsa shi ne ta koma gida. An gyara zaurenta, an yi magana da ofishin jakadanci za a ba ta takardar komawa, kujerar jirgi na nan, alkyabba na jiranta. Mu nan kowa ya san ma'anar wannan. Wanda ba shi da iƙama in zai fita sai an ɗauki hoton yatsunsa, kuma sai bayan shekaru a bar shi ya dawo. Ga mace mai shekara saba'in, fita ɗaya ce ba dawowa.

Kwana uku Ɗaso ta zama wata daban. Mahadi yana zuwa da safe ta zaunar da shi ta yi ta jero masa mutane, wance fa, wane fa, mafi yawa ya ce sai dai addu'a. Ta tambayi tsamiya ya ce tana nan. Na ji ta tana waƙa a bakin murhu, abin da ban taɓa ji ba, kuma ran nan miya ta ƙone, ita ma karon farko. Ta ce mini, "Nasiha, so nike in ga kushewar innata, ko sau guda." Na ji kishi, ba zan ɓoye ba, na ce to mu kuma fa, shara ce mu? Ta yi dariya ta ce za ta aiko mini da daddawa. A lissafinta ita da Usaini za su tafi, har ta fara tunanin wace riga zai sa ranar sauka.

Abin da Galadima bai gaya mata ba, shi ya ja Usaini gefe ya gaya masa bayan la'asar a ƙofar masallaci. Masu zaɓen sarki sun yarda a mayar mata da sarauta, amma da sharaɗi, ba za a sa wa matar mahauci alkyabba ba. In Usaini yana so ya biyo ta gari ya zauna cikin danginsa, ba wanda zai hana shi, amma ba da igiyar aure ba. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. Namiji da rawani da gemu, ya kasa duban mace ya faɗa mata magana, sai ya je ya ɗora wa tsoho mai ciwo.

Usaini bai gaya wa kowa ba. Kwana uku yana jin waƙar nan daga bakin bene, ya san abin da ya ji. Ya buga wa mijin Tahani waya ya tambaya ko akwai ɗakin da zai raɓa a Rusaifa. Ya je wajen wani malami ɗan ƙasarsu ya sa aka rubuta masa takarda, don shi bai iya rubutu ba. Ranar Alhamis da hantsi muna zaune muna gyaran zogalen dambun gobe, sai muka ji gyaran murya. Ya shigo ya ajiye takardar a bakin tabarma, ya koma ya tsaya jikin ƙofa. Ɗaso ta iya ajami tun a fada. Ta karanta, ta sake karantawa, ta ninke.

"Mi ke nan, Abu Tahani?"

"Hanya ce na buɗe miki, Hajiya. Saki guda. Ba ki yi mini komi ba, Allah shi ne shaida. Ki tahi gida."

Ta tambaye shi wa ya ce sai da haka, ya faɗa mata duk yadda suka yi da Galadima. Ni kuwa na tashi na zazzage masa abin da ke bakina, da Hausa da Larabci. Na ce shekara arba'in da uku mace ta bi ka, ta haye hamada, ta haye teku, sai yau da ƙafarka ta ruɓe za ka san hanyar gidan mai rubuta takarda? Ɗaso ta bari sai da na gaji, sa'an nan ta ce in kira mata Galadima.

Kafin azahar ya iso, kuma wai har da sabon akwati mai taya ya taho da shi, kyauta. Shi da Usaini duk lissafinsu ɗaya ne, irin na gida: an saki mace da safe, kafin yamma ta ɗaure kayanta ta tafi gidan iyayenta. Ɗaso ta sa na kawo masa ruwa, ta bari ya sha. Sa'an nan ta fara magana da muryar nan tata ta ƙasa-ƙasa, har sai da ya matso. Ta ce shekara da shekaru tana zama a darasin mata a Harami bayan sallar asuba, kuma abin da aka karantar da ita shi ne, macen da aka yi wa saki ɗaya ba ta fita daga gidan mijinta sai ta gama idda. Mai shekarunta wata uku ne. A cikin wata ukun nan kuwa matarsa ce a wajen Allah, in ya mutu ta gaje shi, in ta mutu ya gaje ta. Wanka saura kwana goma sha tara.

"Can gida mun saba mace ta kwashe kayanta ran da anka sake ta," in ji ta. "Nan ba haka anka koya mini ba. Ina nan ɗakina, kuma har ranar wankanku matar mahauci nike."

Mahadi ya yi karatu, ya san gaskiya ta faɗa. Kowa ya sani, yi ne ba a yi. Ya yi ta murza carbi, can ya ce to ai akwai mafita. In Malam Usaini ya cika uku igiya ta tsinke gaba ɗaya, maganar idda kuma malaman fada za su san yadda za su yi da ita. Na buɗe baki, Ɗaso ta ɗaga mini hannu. Ta juya ta dubi mijinta, wanda tun ɗazu yake tsaye jikin ƙofa.

"Ka ji. Saura biyu. Cika, in kana iyawa."

Mutumin nan na sha ganinsa yana yanka, hannunsa bai taɓa rawa ba. Ran nan ya buɗe baki, ya rufe. Ya sake buɗewa. Sai kawai ya sulale ya zauna a ƙasa, ya rufe fuska da hularsa, ya ce ba shi iyawa. Kuka yake yi sosai, irin na tsofaffi, wanda ba ya fita da ƙara. Galadima ya sunkuyar da kai yana kallon tabarma, ni ma duk faɗan da ke cikina ya bi iska.

Ɗaso ta ce in ɗauko wayata in danna wajen ɗaukar murya. Mahadi ya ce ai al'ada ba ta yarda a ajiye sunayen a wani wuri ba. Ta ce daga bakinta ne zuwa kunnen yarinyar nan ta Rabi, in ta haddace a goge. Ta gyara zama, ta miƙe wuya, ta fara jero su, wane ɗan wance, wane ɗan wance, da wata irin murya mai ja wadda ban san tana da ita ba. Ba ta yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba har ta kai kan ubanta, na goma sha tara. Yanzu kuwa akwai na ashirin, yayanta, wanda suke uwa ɗaya. Ta faɗi sunansa, da ta zo kan sunan uwar sai murya ta ƙi. Sau uku muna sakewa kafin ta fita. Da ta gama ta ce wa Galadima su naɗa yarinyar da Rabi ta fara koya wa, ita an tuɓe ta sau ɗaya ya ishe ta, kuma ya tafi da akwatinsa.

To, da a ce mutanen nan biyu masu hankali ne, da a ranar magana ta ƙare. Kalma ɗaya Usaini zai faɗa, ya ce ya mayar da ita, shi ke nan, ba sadaki ba ɗaurin aure. Amma kunya ta rufe shi. A ganinsa shi ya raba ta da sarauta da can, yanzu kuma da ya tashi gyarawa ya sake raba ta da ita, da wane ido zai ce ta dawo. Ita kuma ta ce ba ita ta rubuta takarda ba, ba za ta roƙa ba. Ta ci gaba da dafa masa abincinsa mara gishiri, ta ajiye masa, ba ta ce masa ci kanka. Kuma tun da an karantar da ita cewa mai irin wannan idda kwalliya take yi, sai ga tsohuwa kullum da kwalli raɗau da turaren wuta, ga atamfar da rabonta da ita tun bikin Tahani. Na ce wa kike yi wa, mutumin da ba ya gani? Ta ce hanci dai bai mutu ba. Ni na zama 'yar aike tsakanin mutum biyu da taku huɗu ne ya raba su. Ce masa ya sha magani. Ce mata na sha. Tahani ta zo daga Rusaifa ta yi musu kuka da Larabci, ta ce su biyun yara ne, ta koma ba ta ci nasara ba.

Ranar wankan, wajen ƙarfe goma sha ɗaya na safe, Mahadi ya turo hoton bidiyo a wayata. Na kai mata, muka zauna a tabarma, na riƙe mata. Ga tsakar fada cike da mata, ga tsamiyar, ga turmi a kife, ga wani saurayi mai kama da yayanta zaune a kai da lalle a hannu. Ga yarinyar cikin alkyabba, ta yi mata yawa. Ta fara kiran sunaye, Ɗaso tana bin ta da leɓe. Ta ce ƙwaryar ba haka ake riƙe ta ba, da hannu biyu ne, amma sunayen ba a tsallake ko ɗaya ba. Da aka kai na ashirin mata suka ɗauki guɗa. Ta ce in mayar farko. Sau uku muna kallo, hawaye na zuba a kan atamfa, ba ta share ba, ba ta kuma ɓoye ba.

Ashe Usaini na bakin ƙofa yana saurare tun daga farko. Sai da guɗar ta mutu ya yi magana, a hankali. Ya ce da yanzu ita ce a wurin. Ya ce har yanzu tana son zuwa, ya ji a kukanta, kada ta ce masa a'a.

"Ina so," in ji ta. "Yau ina so, gobe ma ina so. Tun ran da munka hito nike so, kullum ta Allah. Ka taɓa jin na ce ka sake ni? Yau kwana goma sha tara ina jiranka. Ka mai da ni."

Ya ce ya mayar da ita, ya ce in shaida. Na ce na shaida, kuma in ya ƙara zuwa wajen mai takarda ni da kaina zan karya masa ɗaya ƙafar. Ɗaso ta matsa gefe a kan tabarma, ya zo ya zauna, ta ce in sake kunnawa. Tun da ba ya gani sosai sai ta riƙa faɗa masa abin da ke ciki, ga katanga an yi mata siminti, ga ƙofar gabas an sa mata ƙarfe, ga hanyar kasuwa ta bayan mutane. Yana ta gyaɗa kai. Can ya matso da fuskarsa dab da wayar, ya tambaya ko ana hango unguwar mahauta, akwai wata bishiyar kurna a ƙofar gidan babansa.

Shekara ashirin da biyu ina gaishe da mutumin nan safe da yamma, ban taɓa tambayarsa ko shi ma yana kewar wani abu ba. Daga yadda Ɗaso ta dube shi na gane ita ma ba ta taɓa tambaya ba. Ta karɓi wayar daga hannuna, ta ja hoton baya, ta ja shi gaba, ta duba kowace kusurwa.

"Ba su ɗauko ba," in ji ta. Ta dafa gwiwarsa. "Hwaɗa mini yadda gidan yake. Ni ban taɓa shiga ba."